Lissafi biyu kan lakar haƙa da dutse ke shanyewa

Masu haƙa burtsatse a kewayen Gusau sun san dutse mai tsagi: kana tsaye bakin ramin lakar da ake turawa cikin burtsatsen yayin haƙa, sai ka ga tana ja baya kamar ana zuƙe ta, don tana shigewa tsagin. Hanya biyu injiniyoyi ke bi su ƙiyasta asarar. Ta farko tana ɗaukar lakar tamkar ruwa zalla: faɗin tsagi ya ninka biyu, kwarara ta ninka takwas, kuma ba tsayawa. Sauƙi gare ta, amma tana zuzuta asara. Ta biyu, lissafin Bingham, ta san laka kamar kunu mai kauri take, sai an tura take motsi. Tana nisa cikin tsagin, turin ya raunana, ta cije. Ni ita na fi gaskatawa, sai dai dole a fara auna kaurin lakar.