Na sayi 'yar ƙaramar RB7, kuma ta ƙasa na fara duba ta

Wata biyu cur ina jiran kwalin nan, har na fara cire rai wallahi. 'Yar ƙaramar motar tsere ce, Red Bull RB7, wadda Sebastian Vettel ya ci gasar Formula 1 da ita a 2011, irin ta ajiyewa a kanta ba ta wasan yara ba, girmanta kashi ɗaya cikin 18 na ta gasken. Faɗinta santimita 10 ne tunda ita babbar mita 1.8 ce. A intanet na yi oda wajen wani mai shago a waje, kuɗin kawowa ma ya kusa kamo kuɗin motar, wannan kam kar uwargida ta ji.

Ta sama dai ba a magana. Fenti ya zauna, shuɗin nan mai duhu, jan sa a jiki, lamba 1 a hanci, rubutun Pirelli a taya da ruwan ɗorawa wanda a shekarar shi ne alamar taya mai laushi. Fiffiken gaba ma sun yi ƙoƙari, hawa-hawa yake da 'yan ƙananan a kai, duk da gefe ɗaya ya ɓalle a hanya sai da na nemo gam na liƙa. Bayan motar ya tsuke kamar wuyan kwalbar lemo yadda Adrian Newey, wanda ya zana motar, yake son kayansa, mutumin da har batiran KERS, na'urar da ke tara ƙarfi in an taka birki don ƙara wa mota gudu, ya ƙi yarda su ɓata masa siffar mota ya tura su can baya wajen giyabos, suka yi ta ba su ciwon kai a shekarar.

Amma ni ba fenti na saya ba. Duk wanda ya san motar nan ya san sirrinta a salansa yake, shi ya sa ina fito da ita na kifa ta a kan filo.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai bi abun ba. Ƙasan motar tsere shafe yake, sai can ƙarshe tsakanin tayoyin baya ya ɗaga sama kamar bakin shebur, shi ake kira difiyuza. Iskar da ke bi ta ƙasa tana gudu sosai, sai ƙasan ya riƙa zuƙo motar yana manna ta da kwalta, shi ya sa suke shan kwana da gudun da hankali ba zai ɗauka ba. Matsalar ita ce tayar baya in tana juyawa tana feso gurɓatacciyar iska ta gefe cikin difiyuzan ta lalata aikin. A 2011 an hana difiyuza mai hawa biyu, sai su Newey suka kwantar da bututun salansa a kan daɓen motar, suka lotsa bakinsa ya zama fale-fale, suka kai shi dab da tayar baya ta ciki, hayaƙin da ke fita da ƙarfi ya zama kamar labule tsakanin taya da difiyuza. Da wannan labulen ne suka samu damar ɗaga bayan motar sama hancin kuma ya sunkuya, duk wanda ya kalli hoton RB7 ta gefe zai ga kamar tana shirin tunkuyi.

To a nan 'yar motata ta gaza. Bututun yana inda ya kamata, wannan na ba su, amma dunƙulen roba ne aka shafa wa ruwan azurfa, ko rami babu a bakinsa, kuma zagaye yake ba lotsattse ba. Sannan motar zaune take daidai gaba da baya kamar tebur, babu wannan sunkuyon ko kaɗan. Ni a ganina wannan ya fi ɓallewar fiffike ciwo, don fiffike gam ya gyara shi.

Na kai wa kawuna ita, shekara da shekaru yana waldar salansa. Ya juya ta ya juya, ya ce "Kai ɗan nan, wa ya ce a sa salansa a jikin taya, ai ƙonewa za ta yi." Na ce Kawu da gaskiyarku, zafin ba na wasa ba ne, har ƙungiyar Renault da suka juyo da tasu salansar ta fita ta gaba wajen haƙarƙarin mota sai da ta direbansu Nick Heidfeld ta kama da wuta a Hangari a wannan shekarar. Ya ce to in direba ya ɗaga ƙafa daga totur fa, hayaƙin ai ɗaukewa zai yi. Na yi shiru ina kallonsa, mutumin da bai taɓa zama ya kalli tsere ba ya cafko ainihin inda gizo ke saƙa. Don kuwa a bakin kwana ake sakin totur, kuma a nan aka fi buƙatar motar ta manne. Maganin da su Newey suka yi shi ne kwamfutar injin ta bar maƙogwaron da injin ke shaƙar iska a buɗe ko direba ya saki, injin RB7 ɗin, V8 mai lita 2.4 ƙirar kamfanin Renault, ya ci gaba da hura iska ta salansa kamar zugazugin maƙera, wasu kamfanonin ma har fetur suke ƙonawa a banza don hayaƙin ya ƙara ƙarfi. Shi ne wannan ƙarar mai kama da ɓarin kwano da ake ji in suna shiga kwana. Hukumar FIA mai kula da gasar ta taƙaita abun a tseren Silverstone na Ingila, Fernando Alonso na Ferrari ya ci, tseren da shi kaɗai Ferrari ta ci a shekarar, aka yi ta rigima aka janye dokar, sai a 2012 aka tilasta ɗaga salansa sama. Amma kafin nan RB7 ta gama ɓarna, ta ci tsere 12 cikin 19, kuma sau 18 ita ce ke tashi a sahun farko.

Kawu dai bai gamsu da maganar ƙona fetur a banza ba, cewa ya yi masu abu da abinsu.

Uku cikin biyar na ba ta. In ado kake so a falo za ta yi maka, baƙo ba zai kifa ta ba. In kuma irina ne kai, ka sa mai shagon ya turo maka hoton ƙasanta da na gefe kafin ka tura ko sisi. Tawa yanzu tana kan kanta, na cusa 'yar takarda ninki biyu a ƙarƙashin tayoyin baya ta ɗan sunkuya, kawu kuma ya ce in kawo ranar Asabar ya gwada huda bakin salansar da allura mai zafi, har yanzu ban yanke shawarar ba shi ba.