Biron allurar somatropin: tsayi ya ƙaru, mura tana nan

Ɗana yana cikin yaran da jikinsu ba ya fitar da isasshen sinadarin girma, wanda wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, pituitari, take samarwa. Bayan gwajin jini da hoton ƙashin hannu, likitar yara ta ɗora shi a kan somatropin, wato sinadarin girma da ake haɗawa a matsayin magani, allura kullum da dare, domin a lokacin barci jiki ya fi sakin sinadarin.

Biron kansa, wato na'urar yin allurar mai siffar biro, ban da ƙorafi a kansa. Ana murɗa gindinsa har lambar da likita ta rubuta ta bayyana, a dasa a cinya ko ciki, a danna. Tsinin siriri ne, yaron ya daina kuka tun da wuri. Abin da ke gajiyar da ni shi ne firiji: dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, don haka kowace tafiya sai da jakar sanyi. Sannan a riƙa sauya wurin allurar, in ba haka ba kitsen wurin ya lotsa.

Tsayi kam ya ƙaru, wandunansa ne shaida. Amma na ɗauka yawan murar da yake yi ma za ta tafi, tunda na ji ana cewa sinadarin yana ƙarfafa garkuwar jiki. Ba ta tafi ba.

Likitar ta zauna ta yi mini bayani, kuma wannan ya fi biron burge ni. Gaskiya ne fararen ƙwayoyin jini suna karɓar saƙon sinadarin girma da na wani sinadari, IGF-1, da hanta ke samarwa, kuma saƙon sinadarin girman yana bi ta wani furotin mai suna STAT5B, wanda garkuwar jiki ma take amfani da shi. Sai dai yaron da matsalarsa ƙarancin sinadarin ne kawai, galibi garkuwarsa lafiya lau take. Inda abin yake haɗuwa shi ne idan STAT5B ɗin ne ya samu naƙasu, larurar da aka fara bayyanawa a 2003: yaro ba ya tsayi, ga ciwon huhu da ƙuraje, kuma somatropin ba ya yi masa aiki, domin sinadarin yana nan, saƙon ne ba ya isa. Nawa ba haka ba ne, murar 'yan makaranta ce.

Saboda haka mai neman maganin yawan rashin lafiya, ba nan ba ne. Wanda aka tabbatar wa yaronsa ƙarancin kuwa, ina ba shi shawarar biron, da sharaɗin komawa awo a kan kari. Idan yaron da ke kan allurar ya samu ciwon kai mai tsanani ko ɗingishi da ciwon ƙugu, a garzaya asibiti. Akwai na mako-mako da aka amince da shi a Amurka tun 2021. Shi zan tambaya a ganinmu na gaba.