Roba ko zafi: wanne ya fi maganin ƙanƙara a fiffiken jirgi?

Ana ta tambayata wanne ya fi. To ita robar bakin fiffike iska ake hura mata ta kumbura, ƙanƙarar ta tsage ta zube, ga arha ga ba ta cin ƙarfin inji sosai, shi ya sa ATR 72, wani jirgin fasinja mai farfela, ke amfani da ita, amma fa tana tsufa ta huje, sai faci. Kuma ƙanƙara kan taru a bayanta, abin da ya kayar da ATR a Indiyana a 1994 kenan, mutum 68 suka rasu. Shi kuwa zafi tun farko yake hana ta kamawa, Boeing 737 iska mai zafi yake ja daga inji ya ɗumama fiffike, Boeing 787 kuma lantarki, sai dai shan mai. Jirgi mai farfela roba ta fi masa sauƙi, babban jet kuwa zafi ne nasa.