Zinaren fofiri da zinaren jijiya irin na Zamfara

Malam, ka tambaya ko zinaren mahaƙar Grasberg ta Indonesiya da wanda ake haƙa a Anka da Maru asalinsu ɗaya. Suna ne ya haɗa su, amma haihuwar kowanne daban.

Na Grasberg shi ake kira na fofiri. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya tsaya saura 'yan kilomitoci ya fito, ya fara hucewa. Ruwan zafin da ke cikinsa, ɗauke da tagulla da zinare, ya rasa mafita, sai ya tsattsage dutsen. In ka ɗauki gutsure a hannu za ka ga siraran jijiyoyin farin dutse, wasu ko kaurin tsinken ashana ba su kai ba, sun sarƙe kamar tsagewar ƙasar fadama da rani. Zinaren kuwa ido ba ya ganinsa. Yana tare da ma'adinin tagulla, kuma a yawancin irin waɗannan wurare bai kai giram 1 a tan guda ba. Ribar a yawa take. Shi ya sa ake kwashe tsauni sukutum a niƙa, kamar Bingham Canyon a Amurka, inda ake ta haƙa tun 1906 har zurfin ramin ya wuce kilomita 1.

Namu matsi ne ya haife shi. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce manyan sassan ƙasa suka yi karo, duwatsu suka matsu suka yi zafi, ruwan da ya tsatso daga jikinsu ya bi manyan tsaga ya bar farin dutse. Jijiyar takan yi kauri har mutum ya bi ta da diga, wani lokaci ma ka ga ƙwayar zinaren tana ƙyalli. Na Obuasi a Ghana danginsa ne, sai dai ya haura shekara biliyan 2. Grasberg mai shekara kusan miliyan 3 jariri ne a gabansu.

Abokan zamansu ma daban. A wasu jijiyoyin Zamfara akwai dalma, kuma niƙa dutsen a cikin gidaje ne ya jawo gubar da ta kashe yara sama da 400 a 2010.

Kada dutse mai ɗigo-ɗigo, kamar gyaɗa a cikin alewa, ya ruɗe ka. Fofiri sunan wannan kamannin ne kawai, yawancinsa ba komai a ciki. Ko da ka dace da mai zinaren, da diga da injin niƙa ba za ka mayar da kuɗin mai ba.