Sharhi a kan odar bis-PNA: tufka mai zare uku da sharuɗɗanta

Mai binciken da yake son kama wani takamaiman wuri a jikin DNA ba tare da ya warware tufkar zarensa biyu gaba ɗaya ba, yakan yi odar bis-PNA daga kamfanonin da ke haɗa shi bisa tsarin da mai saye ya aika musu, kuma hidimar ɗaya daga cikinsu, wanda ɗakin gwajinmu ke hulɗa da shi, ita ce abin dubawa a nan. Peter Nielsen da Ole Buchardt da abokan aikinsu ne suka ƙirƙiro PNA, wani kwaikwayon DNA da ake haɗawa a ɗakin gwaji, a Kofanhagen ta ƙasar Denmak a 1991. Yana ɗauke da haruffan DNA (A, C, G da T), amma igiyar da ke riƙe da su ba ta da fosfet, don haka ba ta da cajin da zai sa ita da DNA su riƙa ture juna.

A bis-PNA zaren PNA biyu ne aka ɗaure da mahaɗa mai lanƙwasuwa. Ɗaya yana kama zaren DNA ta hanyar Watson da Crick, wato yadda zaren DNA biyu suka saba kama juna, ɗayan ya kama shi ta ɗaya ɓangaren ta wani salon kamu da ake kira na Hoogsteen, sai a sami tufka mai zare uku, abokin zaren DNA ɗin kuma a ture shi waje ya zama maɗauki. Kayan da muka karɓa sun yi wannan aiki yadda ya kamata, domin a kan jel, inda ake tace guntayen DNA da lantarki, ana ganin layin DNA da aka kama ya ja baya, ya rabu sarai da wanda ba a taɓa ba.

Abin yabo na farko shi ne shawarar da ma'aikatansu suka bayar tun kafin a biya kuɗi, cewa a musanya kowane C na zaren Hoogsteen da wani ƙirƙirarren harafi da ake kira J. C na asali ba ya kamawa a wannan wuri sai ruwan gwajin yana da ɗan tsami, J kuwa bai damu da hakan ba. Sun kuma ƙara laisin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina furotin, a ƙarshen zaren don ya saurin narkewa da kamawa. Kayan sun zo a matsayin busasshen gari, ba sa buƙatar ƙanƙara a hanya, tare da takardun HPLC (gwajin tace sinadarai) da na awon nauyi da suka tabbatar da tsaftarsu.

Inda hidimar ta gaza shi ne takardar bayanin amfani, wadda ta yi gajarta ƙwarai. Ba ta faɗi cewa PNA yana manne wa gilashi da wasu robobi ba, ko cewa yana dunƙulewa idan ya jima a sanyi, har sai an ɗumama shi zuwa kusan digiri 55 an girgiza kafin a ɗiba. Ba ta kuma ja kunne a kan gishiri ba, alhali yawansa yana ƙarfafa tufkar DNA ya hana PNA kutsawa, abin da kan sa sabon shiga ya zargi kayan a banza.

Farashin ya fi na DNA da ake haɗawa nesa ba kusa ba, jiran ma ya fi tsawo. Wanda wurin da yake nema ba jerin A da G zalla ba ne, wannan tufka ba za ta ƙullu masa ba, kuma idan ƙarfin kamu kawai yake so, LNA, wani zare mai kama da DNA da aka gyara don ya ƙara ƙarfin kamu, zai fi masa sauƙin samu da sauƙin narkarwa.