Hattara da mai sayar da tsohon fim yana cewa daga firiji ya fito

Jama'a, musamman matasan da suka koma ɗaukar hoto da kyamarar fim, ku yi hattara. Akwai wani da ke tallar Kodak Gold 200 da Fujifilm Superia a Instagram da WhatsApp, yana rantsuwa cewa tun da aka shigo da su ba su bar firiji ba. Wallahi ƙarya yake yi.

Guda huɗu na saya a hannunsa, na yi hotunan sunan ɗan yayata da biyu. Da aka wanke, fuskoki sun yi kore-kore, ko'ina hazo kamar an ɗauka cikin ƙurar hunturu. Wanda kakarmu ke riƙe da jaririn ko kamanninta ba a ganewa, shi ya fi ci mini rai. Sai daga baya na lura an kankare kwanan watan da ke jikin kwalayen, saura ɗaya da 2006 ke ɗan lekowa.

Fim ɗin da wa'adinsa ya wuce ba shara ba ne. In ya zauna a sanyi yakan yi shekaru yana aiki, sai dai a ƙara masa haske: duk shekara goma bayan wa'adin a raba ISO, wato lambar saurin kama hasken fim ɗin, biyu, mai 200 a ɗauke shi a 100. Baƙi da fari ya fi mai kala jurewa. Zafi ne ajalinsa, kuma fim ɗin da ya kwana shekaru a shago mai rufin kwano, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, babu dabarar da za ta dawo da shi. Da mutumin nan ya faɗi gaskiya ya rage kuɗi, ai ba zan kai fim ɗin gidan suna ba.

Har Kodachrome, wani tsohon fim mai kala, yake tallatawa da tsada, wai abin tarihi. Kodak ta daina yin sa a 2009, kuma Dwayne's Photo da ke jihar Kansas a Amurka, wuri na ƙarshe da ke wanke shi da kala, ya daina karɓa a ƙarshen 2010.

Kafin ku tura kuɗi, ku sa a nuna muku kwanan watan kwalin a bidiyo, ku sayi ɗaya tak ku gwada a wanke. Ni da na tura masa hotunan, ko amsa bai ba ni ba ya toshe lambata.