Akwatin tururuwa mai jel: ya ishi kallo, bai ishi nazari ba

Akwatin roba ne garai-garai, kamar girman littafi, cike da jel shuɗi wanda shi ne ƙasar haƙa, shi ne abinci, shi ne ruwa. Ana sayar da shi a intanet ga ɗalibai da masu son kallon tururuwa. An gwada irin wannan jel a kumbon Columbia na Amurka a 2003, abin da ya ƙara masa farin jini.

Kyansa a fili yake. A huda ramuka uku da tsinke, zurfin santimita 2, a zuba tururuwa ma'aikata 20 zuwa 30. Cikin 'yan kwanaki za a ga hanyoyin da suka haƙa tar-tar.

Amma wanda ya saye shi don ya fahimci yadda tururuwa ke tsara zamanta ya yi asarar kuɗinsa, domin ma'aikata kaɗai ake zubawa, babu sarauniya. Sarauniya ce ke yin ƙwai: wanda ya haɗu da maniyyin namiji ya zama mace, wanda bai haɗu ba ya zama namiji. Wannan aikin gado ne. Ko macen za ta tashi ma'aikaciya ko sabuwar sarauniya kuwa, a yawancin jinsuna abincin da ta samu tana tsutsa da yanayin zafi ne ke yanke hukunci. Akwai inda gado ya fi ƙarfi: a 1998 Kenneth Ross da Laurent Keller sun nuna cewa a jan cinnakan Kudancin Amurka, ƙwayar gado Gp-9 tana da alaƙa da ko gida zai yarda da sarauniya ɗaya ko da yawa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana inda babu ƙwai, babu tsutsa.

Ko an sa sarauniyar ma, jel ɗin zaƙi ya fi yawa a cikinsa, tsutsa kuwa furotin take bukata. Sannan laimarsa ɗaya ce daga sama har ƙasa, alhali tururuwa kan kai 'ya'yanta wuri mai laima, ta ajiye hatsi a busasshe don kada ya tsiro, kamar yadda tururuwar da ke jan gero a gonakinmu take yi. Babu wurin zubar da gawa, sai fumfuna ta kama. Ramuka kan rufta idan ɗaki ya yi zafi, abin lura ga mai zama a Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu.

Da kuɗin, gara a nemi kwalbar gwaji, wato siririyar kwalbar nan ta ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. A cika kashi ɗaya cikin uku da ruwa, a tura auduga ta tare shi, a sa sarauniyar da ta zubar da fukafukanta bayan ruwan farko na damina, a toshe baki da busasshiyar auduga, a ajiye a duhu. Yawan leƙawa kan sa ta cinye ƙwanta. Sau ɗaya a mako ya isa. Bayan mako 6 zuwa 8 'yan fari za su fito, ƙanana sosai saboda da kitsen jikinta ta raine su. Daga nan a fara ba su ɗigon zuma da guntun ƙwaro, a lura da yadda na baya ke fin na farko girma.